Ramin Kifi, Ƙafar Saniya da Ƙauyuka 112

Ranar 5 ga Disamba, 2021, rigima ta ɓarke a ƙauyen Ulumsa da ke ƙasar Logon-Birni a arewacin Kamaru, tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma 'yan ƙabilar Musgum. Abin da ya haddasa ta ba baƙo ba ne a wannan yanki. Idan ruwan ambaliya ya fara janyewa, masunta kan haƙa ramuka da magudanai don su tsare ruwa da kifin da ke cikinsa. Shanu su zo sha, su zurma cikin taɓo, wata ta karye, wata ta mutu a ciki. Kafin mako biyu su cika, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ƙirga mutum 44 da aka kashe, 111 da aka jikkata, da ƙauyuka 112 da aka ƙone. Ta ce kimanin mutum 100,000 sun bar gidajensu, akasarinsu sun tsallaka kogi zuwa Chadi. Ranar 8 ga watan wutar ta isa garin Kuseri, har aka lalata kasuwar shanu. Wannan kuwa karo na biyu ke nan. A watan Agusta na shekarar an riga an yi na farko, mutum 45 suka mutu, 23,000 suka gudu. Gwamnan jihar Arewa Mai Nisa, Midjiyawa Bakari, ya je, manyan ɓangarorin suka zauna, aka yi alkawarin zaman lafiya. Alkawarin bai cika wata huɗu ba.

Ni mazaunin Kaele ne, hedikwatar Mayo-Kani, tsakaninmu da Kuseri akwai fiye da kilomita 300. Ko rumfa ɗaya ba a ƙone mana ba. Amma mu Hausawan garin nan 'yan kaɗan ne a tsakiyar Mundang da Tupuri da Giziga da Fulani, yawancinmu 'yan kasuwa da mahauta da dillalai, kuma duk Bahaushen da ya tashi a zango, na Kumasi ne ko na Garwa, ya san cewa ranar da gari ya rikice ba a tsayawa tambayar mai shago ko da hannunsa a ciki. Shi ya sa tambayar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: yaya ake yi maganar da buhun dawa biyu za su kashe, ita ce za ta cinye ƙauyuka 112? Kuma me ya hana sulhun manya riƙe ta?

Amsar da aka fi ji a rediyo ita ce ruwa ya yi ƙaranci, kuma gaskiya ne. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980. A 1979 aka gina madatsar Maga saboda noman shinkafar kamfanin SEMRY, sai ambaliyar da ke shayar da fadamar Logon, wadda Fulani ke ce wa yayre, ta ragu. Ciyawa ta ragu, kifi ya ragu, mutane kuwa ƙaruwa suka yi. Daga baya yaƙin Boko Haram ya koro makiyaya da masunta daga bakin iyaka da bakin tafki zuwa inda ake ganin da dama-dama. Magudanan kamun kifi a fadamar sun kai dubbai.

Sai dai kowace shekara shanu na faɗawa rami. Nan Mayo-Kani ma, da zarar an dasa dawar masakwa a karal, wato ƙasar laka, wajen watan Oktoba, garken da ke wucewa zuwa yayre sai ya taɓa gonar wani. A je gaban jauro ko lawan, a zagaya gona a ga ɓarna, a yi ta ja-in-ja, a biya buhu ko 'yan jakunkuna, a yi musabaha, kowa ya tafi yana ƙunƙuni. Mafi yawan irin waɗannan maganganu a nan suke mutuwa, a shekarar ƙarancin ruwa da shekarar yalwa. Ƙarancin ruwa yana yawaita saɓani. Abin da ke mayar da saɓani ya zama kisa a cikin kawunan mutane yake, da kuma tsakaninsu, kuma akwai masanan da suka shafe shekaru saba'in suna bin diddiginsa.

A 2003 wasu masana a Landan, Sukhwinder Shergill da abokan aikinsa, suka yi wani gwaji mai kama da wasan yara. Suka zaunar da mutum biyu. Aka danna yatsan na farko kaɗan, aka ce ya danna na abokinsa daidai yadda ya ji, shi ma abokin ya rama daidai yadda ya ji, haka dai bi da bi, na'ura tana auna ƙarfin. Kowanne an keɓe shi an ce masa kada ya ƙara, kada ya rage. Duk da haka, a kowane zagaye ƙarfin ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100. Da aka tambaye su daga baya, kowa ya ɗauka abokinsa ne aka umarta ya riƙa ƙarawa. Dalilin a halitta yake. Ƙwaƙwalwa tana rage wa mutum jin abin da ya aikata da hannunsa, shi ya sa ba ka iya yi wa kanka cakulkuli, amma abin da wani ya yi maka kana jinsa cif. Mutanen nan fa ba maƙiyan juna ba ne, babu gona a tsakaninsu, babu saniya. Kakanninmu sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Abin da gwajin ya ƙara mana shi ne, mai ramuwar bai san ya ƙara ba. Har ga Allah yana ganin daidai ya rama.

To, ka kai wannan bakin rami. Mai saniya yana ganin kiwon shekara biyar kwance cikin taɓo. Mai rami yana ganin abincin 'ya'yansa na rani da aka tattake. Wanda ya yi mari, mari ɗaya yake ƙirgawa. Wanda aka mara yana ƙirga marin, yana ƙirga idanun da suka gani. Kowa kuma daga inda aka taɓa shi yake fara ba da labari, abin da ya gabata kafin nan ba ya cikin lissafinsa.

A Logon-da-Shari, yankin da Ulumsa da Kuseri suke ciki, inda kowa ke fara labarinsa yana da nisa. A watan Janairu na 1992 an zubar da jini a Kuseri tsakanin Kotoko da Larabawan Shuwa, a kan rabon katin zaɓe. Kotoko su ke riƙe da tsoffin sarautun Kuseri da Gulfe da Makari da Logon-Birni, sun kuma riga shiga boko da aikin gwamnati. Larabawan Shuwa kuwa sun fi yawa. Da aka dawo da siyasar jam'iyyu a ƙarshen 1990, yawa ya zama ƙuri'a, ƙuri'a ta zama kujerar magajin gari da ta majalisa. Farfesa Saïbou Issa na Jami'ar Marwa ya yi rubutu mai zurfi a kan wannan lissafin ƙabilanci. Idan hira ta yi nisa ma sai an kai ga Rabeh, wanda Faransawa suka kashe a Kuseri ranar 22 ga Afrilu, 1900: wa ya bi shi, wa ya sha wuya a hannunsa, wa ya tarbi Nasara. Vamik Volkan, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin tsibirin Kubrus, ya lura cewa al'umma takan zaɓi wani tsohon ciwo ta riƙa miƙa shi daga kaka zuwa jika, kuma ranar tashin hankali shekarun da ke tsakani sai su ɓace, abin da aka yi wa kakanka ya zama kamar jiya aka yi maka. Yaron da aka haifa a 2002 zai iya ɗaukar adda saboda 1992.

A ganina, mataki mafi haɗari shi ne lokacin da suna ya ɓace daga magana. Muddin ana cewa saniyar wane ta shiga gonar wane, akwai wanda za a kira, akwai ƙofar da za a yi wa sallama. Ranar da aka koma cewa "sun kashe mana shanu" ko "sun tattake mana gona", babu sauran wanda za a kira, kuma duk wanda aka tarar a hanya ya isa biyan bashin. Mai tireda a kasuwar Kuseri ba shi da rami a Ulumsa, ba shi da saniya a can, amma ya zama ɗaya daga cikin "su".

Wannan rabon na mu da su ba ya buƙatar wani dogon dalili. Henri Tajfel, Bayahude ɗan Poland da ya rasa danginsa a yaƙin duniya na biyu, ya gwada haka da 'yan makaranta a garin Bristol na Ingila wajen 1970. Ya raba su gida biyu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wai wane mai zane ya fi burge ka cikin biyu, sannan ya ba su dama su raba lada ga yaran da ba su ma san ko su wane ne ba, lambarsu da rukuninsu kawai aka nuna musu. Suka fifita 'yan rukuninsu. Har sukan yarda nasu ya samu kaɗan, in dai zai fi na ɗaya ɓangaren. Idan zane ya iya haka, ina ga harshe da addini da kabarin kakanni?

Sai jita-jita. Donald Horowitz ya bi tarihin tarzomar ƙabilanci kusan 150 a ƙasashe kimanin 50, ya tarar cewa kusan kullum akwai labarin da ke riga kisa zuwa: an yanka mana mutum a can, suna tahowa da makamai, sun zuba guba a rijiya. Sau da yawa ƙarya ne ko ƙari, amma aikinsa ɗaya, ya sa wanda zai kai hari ya ji cewa kare kansa yake yi. A kwanakin nan na Disamba, wayoyinmu a Kaele sun cika da saƙonnin murya na WhatsApp, da Fillanci da Larabci da Faransanci da Hausa, kowane da kuka a bayansa, babu mai faɗin ranar da aka ɗauka ko garin. Mutanen kirki ne suka riƙa tura su, masu salla da masu zuwa coci, wai don a yi hattara. Mun saba cewa ƙiyayya ce ke kawo faɗa. Ni na fi ganin tsoro. Mutumin da ya yarda cewa gobe da asuba za a zo a ƙone shi, yau da dare zai tashi.

Akwai wani abu da ba a cika son faɗa a taron sulhu ba, saboda waɗanda ya shafa su ke zaune a kujerun gaba. Tun 1978 akwai dokar Kamaru da ta tsara yadda za a warware rikicin manoma da makiyaya, da kwamiti a ƙarƙashin superefe, wato shugaban gunduma, da wakilan noma da na kiwo da sarakuna. A takarda babu laifi. Amma Mark Moritz, masanin rayuwar makiyaya da ya daɗe yana bincike a ƙasar Mindif da Mulwuday, nan cikin Mayo-Kani, ya wallafa wani nazari a 2006 a kan rigimar manoman Tupuri da Fulani makiyaya. Ya nuna yadda wasu masu iko, na gargajiya da na gwamnati, kan bar manomi ya share gona a mashekarin makiyaya su karɓi na goro, su juya su karɓi na makiyayi da sunan za a tashi manomin, sannan a bar maganar a rataye, don shari'ar da aka kashe ba ta sake kawo komai. Manomi ya koma gida yana cewa Bafillace ya saye hukuma. Makiyayi ya koma ruga yana cewa hukuma ta manoma ce. Dukansu an cuce su, amma kowa ɗan'uwansa talaka yake harara.

Illar wannan ta wuce kuɗin da aka ci. Tom Tyler, wanda ya yi bincike a kan mazauna Chicago, ya gano cewa mutane sukan karɓi hukuncin da bai yi musu daɗi ba idan sun ga an saurare su, an girmama su, alƙali kuma bai karkata ba. Idan wannan yardar ta mutu, mutum ba ya daina neman hakkinsa, wurin nema kawai yake sauyawa. Ya koma ga 'yan'uwansa, su kuwa ba su da kotu, sanda da kibiya da bindiga suke da su.

Sanannen gwajin da ake koya wa ɗalibai a wannan fanni shi ne na Muzafer Sherif, Baturke mazaunin Amurka. A 1954 ya kai yara maza 22 wani sansani a dajin Oklahoma, ya raba su gida biyu, ya haɗa su gasa mai lada. Cikin 'yan kwanaki suka fara ƙone tutar juna da fasa ɗakunan juna. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shekara ɗaya kafin nan ya gwada irin wannan ya kasa. Yaran farko sun riga sun saba da juna, da aka fara ɓata musu kaya a ɓoye don su zargi juna, sai suka gane cewa manyan da ke kula da su ne ke kitsa abin, suka ƙi faɗa. Na fi son wannan rabin labarin, kuma da ni ke tsara darasi a makarantun Mayo-Kani, da shi zan fara.

Rabin da ya shahara shi ma yana da amfani. Da Sherif ya so ya sasanta yaran 1954, ya fara da abin da mu ma muke yi: ya tara su cin abinci tare da kallon fim. Suka yi ta jifan juna da abinci. Sai da aka toshe bututun ruwan sansanin, kowa ya ji ƙishi, dole suka haɗu suka gyara. Sai da motar ɗauko abinci ta ƙi tashi, dole suka kama igiya ɗaya suka ja. A nan gaba ta fara sanyi. A shekarar dai Gordon Allport ya rubuta cewa cuɗanya tana rage ƙyama ne idan akwai sharuɗɗa: a haɗu a matsayin daidai wa daida, a kan buƙata ɗaya, da haɗin hannu, kuma masu iko su goyi bayan abin. Taron otal da ake kiran shugabanni, a ci shinkafa, a karɓi kuɗin mota, a ɗauki hoto, da wuya ya cika ko biyu daga cikin huɗun. Waɗanda suka sa hannu ba su ke kai shanu mashaya ba, ba su ke haƙa rami ba.

Binciken da ya fi kama hankalina a Kaduna aka yi shi, garin da ya san wannan ciwo. Alexandra Scacco da Shana Warren sun ɗauki samari Musulmi da Kirista daga unguwannin talakawa, aka koya musu kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu a ajin 'yan addininsu zalla. Sakamakon ya fito a 2018. Da aka tambaye su ra'ayinsu game da ɗaya ɓangaren, babu abin da ya sauya, mugun zaton da suka shigo da shi suka fita da shi. Amma da aka ba su kuɗi su raba da mutanen da sunansu ke nuna addininsu, 'yan ajin gauraye sun fi 'yan ajin zalla adalci nesa ba kusa ba. Ajin zallan ne ma ya ƙara wa samarin son kai. A Ruwanda, shekaru goma bayan kisan ƙare dangi na 1994, Elizabeth Levy Paluck ta bi masu sauraron wani wasan kwaikwayo na rediyo mai suna Musekeweya na tsawon shekara guda. Ta tarar da kusan abu ɗaya: abin da mutum ya yi imani da shi a ransa bai motsa ba, amma abin da yake ganin jama'a sun yarda da shi ya motsa, halinsa kuma ya bi.

Wannan ya saɓa wa yadda muke wa'azin zaman lafiya. Kullum cewa muke a tsarkake zuciya, a so juna, sannan zaman lafiya ya biyo baya. Binciken yana cewa sau da yawa hannu ne ke riga zuciya gyaruwa, kuma abin da ke riƙe hannun shi ne idon jama'a. Saurayi ba ya ƙone rumfar maƙwabci idan ya tabbata cewa gobe babarsa za ta ƙi cin abincinsa, abokansa za su tashi idan ya zauna. Yana ƙonewa ne ranar da ya ɗauka cewa kowa a unguwarsu zai ce masa sannu da aiki. Sau da yawa ma ba haka ba ne, masu ƙin abin sun fi yawa, shiru kawai suka yi, kowa yana zaton shi kaɗai ne. Dattijo ɗaya da zai tsaya a bakin layi ya kira yaro da sunansa da sunan ubansa, ya ce wane ɗan wane, koma gida, ya fi takardar yarjejeniya aiki a wannan daren.

Idan na dubi abin da ke riƙe da Kaele, ba soyayya nake gani ba. Muna da namu gulmace-gulmacen a kan juna, kowace ƙabila ta san abin da ake faɗa a kanta idan ta ba da baya. Abin da nake gani shi ne igiyoyi masu yawa da suka sarƙe. Tun farkon shekarun 1950 ake gurzar auduga a garin nan, kafin ma a kafa kamfanin auduga na Sodecoton a 1974, kuma bashin taki da maganin feshi a wuyan ƙungiyar manoma yake, idan ɗaya ya gaza a cire daga kuɗin sauran. Wannan na kawo rigima, sosai ma, amma rigima ce mai suna, ta wane bai biya ba. Tupuri da shanu suke biyan sadaki, manoman Mundang da yawa suna da 'yan shanunsu, wasu a hannun Fulani suke kiwo, don haka garken da ya shiga gonarka ba mamaki da saniyar ƙanen matarka a ciki. Mahaucin Bahaushe a kasuwar Dumru ko Gidigis yana bin wannan bashi, wancan yana binsa. Idan aka yi rasuwa, limami da fasto sukan haɗu a tabarma ɗaya. Ashutosh Varshney ya kwatanta biranen Indiya masu yawan tarzomar Hindu da Musulmi da waɗanda ba sa yi, ya tarar cewa bambancin yana ga ƙungiyoyin da suka haɗa ɓangarorin biyu, na 'yan kasuwa da na ma'aikata, domin su ke kashe jita-jita tun tana ƙarama. Ana yawan ambaton wasan barkwanci, irin na Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi, wanda UNESCO ta sa na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Yana aiki inda aka gaje shi. Ba a ƙirƙiro shi a taron bita.

Duk wannan kafin jini ne. Bayan jini magana ta fi wuya, kuma a nan ne nake ganin muna yi wa waɗanda aka zalunta gaggawa. A Saliyo, bayan yaƙin 1991 zuwa 2002, wata ƙungiya mai suna Fambul Tok ta riƙa tara ƙauye a gaban wuta da dare, wanda aka cuta ya faɗi abin da aka yi masa, wanda ya yi ya amsa ya nemi gafara. Masu bincike suka bi ƙauyuka 200, suka fitar da sakamako a 2016. Yafiya ta ƙaru, mutane sun ƙara shiga aikin gayya da ƙungiyoyi. Amma damuwa da firgici da baƙin ciki sun ƙaru a zukatan mutanen da aka sa suka tono abin da ya wuce. Gari ya samu sauƙi, mutum ɗaya-ɗaya ya biya kuɗin. Duk mai cewa bazawara ta yi haƙuri ta bar wa Allah, ya kamata ya san nauyin abin da yake roƙo, ya kuma tambayi kansa ko ita aka fi matsa wa don ita ce mai sauƙin matsawa.

Arie Nadler da Nurit Shnabel, masana daga Isra'ila, sun bayyana a 2008 cewa ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke nema a wajen sulhu ba. Wanda aka cuta an ƙwace masa iko da mutunci, yana son a amsa cewa an yi masa laifi, a mayar masa da magana a hannunsa. Wanda ya yi cutar yana tsoron an fitar da shi daga sahun mutane, yana son a ce har yanzu shi mutum ne. Sulhun da ya ba ɗaya ya hana ɗaya, rabi ne. Muna ganin haka a jiharmu. Ranar 30 ga Nuwamba, 2018, Shugaba Paul Biya ya kafa kwamitin karɓar makamai da mayar da tsoffin mayaƙa cikin jama'a, da cibiya a Mora, aka riƙa ajiye 'yan Boko Haram da suka miƙa wuya a Meri. Bayan mutuwar shugabansu Abubakar Shekau a watan Mayu na 2021 suka yi ta fitowa. A wasu garuruwan kan iyaka an riƙa sa wanda ya dawo ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a. Wannan ya biya buƙatar mai dawowa, an buɗe masa ƙofa. Amma matar da aka yanka mijinta a Kolofata ko Amcide, tana ganin ana ciyar da wanda ya fito daga daji ana koya masa sana'a, ita kuwa ko sannu ba a zo an ce mata ba, wace buƙata tata aka biya?

Tsohuwar hanyar diyya, wadda Larabawan Shuwa da maƙwabtansu a Kamaru da Chadi suka daɗe suna bi, ta fahimci wannan tun kafin masana. Dangin mai laifi su zo da ƙafarsu, wannan amsa laifi ne. Dangin mamaci su ke da ikon karɓa ko ƙi ko ragewa, wannan mayar musu da iko ne. Kuma da yake dangi duka ke haɗa shanun, gobe su za su fara riƙe hannun yaronsu. Tana da aibinta: mai dukiya zai iya raina rai, kuma babu dangin da za su iya biyan ƙauyuka 112. Irin wannan sai hukuma, sai kotun da za ta kira masu laifi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, domin muddin ba a ce wane ne ya yi ba, ƙabilarsa duka ce ta yi.

Duk da haka, sulhu bayan jini yana yiwuwa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yaƙi juna a Kaduna a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani wanda ya san su duka ya haɗa su, daga baya Ashafa ya je duba mahaifiyar Wuye da ba ta da lafiya, suka fara aiki tare. Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa kusan shekara uku suna yawon sulhu tare, wani lokaci ɗaki ɗaya suke kwana, shi kuwa yana raya wa ransa ya danne abokin tafiyarsa da matashin kai. Da wannan zuciyar da ba ta gama hucewa ba suka kafa cibiyarsu ta sasanci a Kaduna. Bayan kashe-kashen Yelwa a jihar Filato a 2004, inda ɗaruruwan mutane suka mutu, su biyun ne suka yi ta zirga-zirga tsakanin Yelwa da Shendam, suna zama da sarakuna da malamai da matasa da mata, kafin a kai ga sa hannu a 2005.